Cikin dabbobin da suka ƙare a duniya, wacce ta fi burge ku?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau yaro ne ya ɗaure ni da jijiyata. Ƙanin maiɗakina ya dawo daga tafiya ya kawo wa Khalifa tsarabar wani ƙadangaren roba mai ƙaton kai da 'yan gajerun hannuwa. Tun shekaranjiya ban huta ba: Baba ya sunansa, Baba me yake ci, Baba zai iya haɗiye sa? Na ce masa dainoso ne, sun ƙare tun ba a yi mutane ba. Sai ya ce to a Kano ma an yi su? Nan na kama kame-kame. Don haka na kawo maganar gabanku. Kowa ya faɗi dabbar da ta shuɗe wadda ta fi burge shi da dalilinsa, wanda kuma ya san ko an yi irinsu a ƙasashenmu ya fitar da ni kunyar ɗana.

Autan Hajiya: Wa alaikumus salam. Yaya, abin da ke hannun Khalifa ai shi ne sarkinsu, T. rex. Ni dai a nan na tsaya, ba na ƙara gaba. Akwai wani da aka tono a Dakota ta Kudu a Amurka a 1990, suna kiransa Sue, yana gidan tarihi a Shikago. Tsawonsa ya haura mita 12. Haƙorinsa ɗaya, idan aka haɗa da saiwar, ya kai tsawon rula ta 'yan makaranta. Ƙashi yake tauna kamar yadda muke tauna guringuntsi. Wa zai ja da wannan?

Malama Bazazzagiya: Auta, kowa da T. rex yake farawa, kamar yadda kowane ɗan ƙwallo yake farawa da ƙwallon tsumma. Baban Khalifa, amsar ɗanka ita ce a'a. Shi wannan a yammacin Arewacin Amurka kaɗai ya rayu, tsakanin shekara miliyan 68 da 66 da suka wuce. Kuma yawancin ƙasar Kano tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri irin na fa, wanda ya sha wuta a cikin ƙasa, ba ya riƙe ƙashi. Ƙashi yana zama dutse ne a inda laka ko yashi ya binne gawa da wuri, ya yi ta taruwa hawa-hawa. Ko da yake ni ina zargin ko da an samu a Kano, da tuni kun kai shi Kurmi kun sayar.

Baban Khalifa: Malama, da a Zariya aka same shi da yanzu ana nan ana rubuta masa takardar digiri, ba a tono shi ba tukuna. Amma na gode, na samu rabin amsa.

Ɗan Abzin: Salamu alaikum. Ku bar zancen Amurka, ku zo Agadas. Ni nawa gwanin kada ne, kuma a ƙasarmu ya kwanta. Sunansa Sarcosuchus imperator. Gabas da Agadas ta wajen kudu, cikin hamadar Tenere, akwai wani wuri da ake ce wa Gadufawa. Buzaye suna fassara sunan da wurin da raƙuma ke tsoron shiga. Babu ruwa, babu inuwa, sai rairayi da ƙasusuwa a shimfiɗe, wani wurin iska ce kawai take yaye yashi ka ga gadon bayan dabba a jere kamar an ɗora tubali. A 1964 Faransawa masu neman yuraniyom suka ci karo da ƙoƙon kan wannan kada, a 1966 aka raɗa masa suna, Philippe Taquet na cikin waɗanda suka yi aikin. Daga baya Paul Sereno na jami'ar Shikago ya zo a 1997 da 2000 ya kwashi wasu. Kansa kawai ya kai mita 1.6, wato idan aka tsayar da shi zai yi kai ɗaya da mutane da yawa a zauren nan. Haƙora 132. Sereno ya ƙiyasta tsawon jikinsa mita 11 zuwa 12, wasu masana da suka sake awo daga baya suka ce wajen mita 9 da rabi. Ko a kan ƙaramin lissafin aka tsaya, a haɗa manyan kadoji biyu na yau kai da wutsiya kafin a kamo shi. Shekara wajen miliyan 110 ke nan.

Autan Hajiya: Kada a cikin hamada? Me yake sha, rairayi?

Ɗan Abzin: Ƙanena, lokacin ba hamada ba ce. Manyan koguna ne da fadamu. A wurin nan ɗaya an samu ƙasusuwan kifaye manya, da kunkuru, da wani dainoso mai dogon baki irin na kada da ƙaton farce a babban yatsa, Suchomimus, wanda kamun kifi ne sana'arsa. Ka ga masunta biyu a kogi ɗaya, ban san yadda suke rabon ruwa ba.

Alhaji Mai Goro: Yara, ina karanta ku tun ɗazu. Ƙashi dai na yarda, tunda ido ya gani. Amma wannan miliyan 110 da kuke ambata kamar kuɗin cefane, wa ya ƙirga? Wa yake nan? Mutum bai san ranar haihuwar kakansa ba, amma ya san ta kada.

Malama Bazazzagiya: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, tambayarka a kan hanya take, ɗalibaina ma suna yi min ita. Ba ƙashin ake tambaya ba, dutsen da ke kewaye da shi ake tambaya. Yuraniyom ɗin nan da ake haƙa a Arlit yana da wata ɗabi'a: a hankali yake rikiɗa ya koma darma, kuma saurin rikiɗar ba ya canzawa, zafi ko sanyi. Nau'in da ya fi yawa yana ɗaukar shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya juye. To idan dutse mai aman wuta ya yi toka, a cikin tokar akwai ƙananan ƙwayoyi da suke kulle yuraniyom a cikinsu ba tare da darma ba. Duk darmar da aka tarar a ciki yau, bayan kullewar ta samu. Sai a auna nawa ya juye, nawa ya rage, lissafi ya ba da shekaru. Idan ƙashi yana tsakanin toka ta ƙasa da toka ta sama, ka san ya girmi ta sama, ta ƙasa ta girme shi. Inda babu toka, sai a gwada halittun da ke cikin shimfiɗar da na wani wuri da aka riga aka auna. Shi ya sa za ka ji ana cewa wajen kaza, ba a cewa ranar Talata aka haife shi.

Alhaji Mai Goro: To ba sa kuskure?

Malama Bazazzagiya: Suna yi, Baba, kuma su suke kama junansu. Akwai wani dainoso mai dogon wuya da aka tono kusa da Ingal, Jobaria. Da farko an ce shekararsa wajen miliyan 135. Bayan shekara goma wasu suka sake duba shimfiɗar dutsen suka ce a'a, ya haura miliyan 160. An gyara. Amma ka lura, gyaran bai dawo da shi shekara dubu biyar ba.

Alhaji Mai Goro: Uhm. Allah shi ne masani. Ni dai abin da na sani, a Suratul Ankabut an ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fari halitta. Idan dubawar kuke yi, ku ci gaba. Idan kuma za ku ce min kakana biri ne, a nan za mu raba gari.

Shugaban Zaure: Baba Alhaji, ba mu je can ba, kuma ba za mu je ba yau. Dabbobi ake magana. A ci gaba.

Ɗan Abzin: Tunda Malama ta ambaci Jobaria, sunan ma namu ne. Makiyayan wajen Ingal sun daɗe da sanin ƙasusuwan nan, suna ce wa yara na Jobar ne, wata halitta ta tatsuniya. Su suka nuna wa masu binciken wurin. Da aka zo raɗa suna a 1999 sai aka ɗauki Jobar ɗin, aka haɗa da sunan tsaunin Tigidit. Abin da ke ba ni haushi, in an tashi ba da labari sai a ce wane ya gano. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana wucewa da raƙumansa ta kan abin, shi me ya yi?

'Yar Damagaram: Sannunku. Ni tawa ba mai ban tsoro ba ce, mai ban dariya ce, kuma sunan ƙasata take ɗauke da shi: Nigersaurus, wata dainoso mai cin tsirrai. Don Allah kowa ya nemi hotonta kafin ya ci gaba da karatu. Bakinta shafal yake a faɗaɗe, ya fi sauran kan faɗi, haƙoran duk sun jeru a gaba a miƙe kamar bakin matsefi. Haƙora sama da 500, wasu a bayan wasu suna jiran layi, kowane haƙori sati biyu yake yi ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Tsawonta wajen mita 9, nauyinta kamar na giwa, amma ƙashin kanta sirara ne har haske yana ratsa wasu. Kai a sunkuye, tana tafe tana aske tsiron ƙasa. Saniyar zamaninta ke nan. Ita ma a Gadufawa aka same ta, tare da kadan Ɗan Abzin, kuma ina jin ta sha wuya a hannunsa wajen shan ruwa.

Maman Sadik: Na duba. Innalillahi, wannan ai bakin tsintsiyar laushi ne. Haƙori sabo duk sati biyu, ni kuwa guda ɗaya ya hana ni barci wata uku.

'Yar Damagaram: Hhhh, Allah ya ba ki lafiya Maman Sadik. Wanda ya je Yamai ya shiga muze, wato gidan tarihi na Bubu Hama, akwai rumfar ƙasusuwan nan. A can na fara ganin Ouranosaurus ina 'yar lakwal, wato 'yar makaranta, wani dainoso ne mai wani tudu a gadon baya kamar an kafa masa filafili. Taquet ne ya ba shi suna a 1976, daga sunan da Buzaye ke kiran damon hamada. A gidan kuma akwai gawar bishiyar Tenere, wadda mota ta kaɓe a 1973 alhali babu wata bishiya kusa da ita ko ta ina. Wannan direban har yau ina tunaninsa.

Basakkwace: Ku mutanen Nijar kun cika muna kunne da koguna. Mu nan Sakkwato teku munka yi. Wallahi ba wasa ni kai ba. Wajen shekara miliyan 70 da sunka wuce wani reshen teku ya ratso daga arewa, ta Aljeriya da Mali, ya malalo har ƙasar Sakkwato. Duk wanda ya karanci ilimin duwatsu a Najeriya ya haddace sunayen garuruwanmu ko bai so: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, don da su anka raɗa wa shimfiɗun dutsen suna. Farar ƙasar da ake siminti da ita a Kalambaina, ɓawon halittun ruwa ne da sunka mutu sunka taru. In ka tsaya inda ake fasa dutsen kana iya tsintar dodon koɗi da ya zama dutse. Wato wanda duk ya yi gini da simintin Sakkwato, da gawar 'yan teku ya yi ɗaki.
Tawa dabbar kuwa ita ce Goronyosaurus. E, Goronyo dai da kuka sani, mai dam da albasa. Ba dainoso ba ne, wani ƙaton ƙadangaren teku ne, dangin su guza da damo, ƙafafunsa sun zama filafilan iyo. Dogon baki, ƙananan idanu, abin da ya sa masana ke ganin cikin ruwa mai duhu yake farauta. Wani Bature Swinton ya fara bayanin ƙasusuwansa a 1930, sannan Italiyawa sunka zo sunka samu ƙarin wasu, a 1972 anka sa masa sunan Goronyo. Akwai kuma kada mai suna Sokotosuchus, 1975. Ni ban ga dalilin da zai sa yaro a Goronyo ya san T. rex bai san wanga ba.

Baban Khalifa: Ikon Allah. Shekarata nawa ina sayen albasar Goronyo, ban taɓa jin wannan ba. A makaranta ma ba a faɗa mana ba.

Malama Bazazzagiya: Ba ya cikin manhaja, Baban Khalifa. Ni kaina sai da na gama jami'a na ci karo da shi. Yanzu nakan saci minti goma in faɗa wa 'yan ajina, kuma ranar ce kaɗai ba mai yin gyangyaɗi.

Autan Hajiya: To ina ƙasusuwan Goronyon suke yanzu? A je a gani.

Basakkwace: Tambayi Landan da Italiya.

Ɗan Abzin: Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Tan-tan na ƙasusuwa aka ɗauka daga ƙasar Agadas aka kai Shikago. An ce aro ne, za a gyara a yi nazari a dawo da su, har da maganar gina gidajen tarihi a Yamai da Agadas. Muna jira. Na Ouranosaurus guda ma yana Banis ta Italiya, yaran can suna kallo.

Injiniya Na Kaduna: Bari in zama mara farin jini. Ni ina ganin gara suna can. Ƙashin nan ba a tono shi a kafa a rumfa kawai. Wani sai an yi shekara biyu ana kankare dutse daga jikinsa da abu kamar allura, a ɗaki mai sanyi, da na'urar ɗaukar hoton ciki. Mu da muke fama da wutar asibiti, wa zai ba ƙashin kada lantarki? Na taɓa shiga wani gidan tarihi a ƙasar nan, rufin yana yoyo a kan kayan, mai gadin ya ce shekara uku ke nan suna rubuta takarda. In an bar su a hamada kuma iska da yashi su cinye, ko 'yan fasa-ƙwauri su kwashe. Kun san kuɗin da abin nan yake yi? A 2020 an yi gwanjon wani T. rex a kan dala miliyan 31.8.

Malama Bazazzagiya: Injiniya, ka ji labarin dainoson nan Spinosaurus kuwa? Shi ne nawa gwanin, dama ban faɗa ba. A 1912 aka tono shi a Bahariyya ta Masar, aka kai wa wani Bajamushe Ernst Stromer, ya yi bayaninsa a 1915. Ƙayoyin gadon bayansa wasu sun fi mita ɗaya da rabi, ga dogon baki, kuma a tsawo ya fi T. rex ɗin Auta. Aka ajiye shi a gidan tarihi a Munik, wurin da ya fi ko'ina tsaro a ganinsu. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi Stromer ya nemi a kwashe kayan a ɓoye, ba a yi ba. A watan Afrilu na 1944 jiragen Ingila suka yi ruwan bama-bamai a garin, ƙasusuwan suka zama toka. Abin da ya yi shekara kusan miliyan 100 lafiya lau a ƙasar Masar, bai yi shekara 40 a Turai ba. Sai zane da 'yan hotuna suka rage, har aka samu wani a Moroko, Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka fitar da bayaninsa a 2014, a 2020 kuma suka nuna wutsiyarsa mai faɗi ce kamar abin tuƙa kwalekwale. Har yanzu ana ta musu ko nutso yake yi ko a bakin ruwa yake tsayawa kamar zalɓe.

Injiniya Na Kaduna: Yaƙi ai ba a lissafa shi, Malama. Ko a ina zai iya faruwa.

Malama Bazazzagiya: Abin da nake faɗa ke nan, ko a ina.

Ɗan Abzin: Kuma ba wanda ya ce kada a yi aiki da su. A yi, amma a koya wa yaranmu aikin, a bar musu abin da za su yi aikin a kai. In babu ƙashin a gida, wa zai yi sha'awar karatun?

Injiniya Na Kaduna: Wannan na yarda. Amma a gyara rufin tukuna.

Maman Sadik: Kun ɗau zafi, bari in sauke ku. Ni dodo na zaɓa. Ba dodon da ake tsorata yara da shi ba, wani tsuntsu ne da aka yi a tsibirin Morishus, sunansa ke nan a duk duniya, dodo. Ranar da na fara ji sai da na yi dariya har da hawaye. Namu dodon cin mutane yake yi, nasu mutane ne suka cinye shi. Dangin tattabara ne, amma ƙato ne, ba ya tashi, kuma bai san tsoro ba don tsibirin babu abin da ke farautarsa. Jiragen Holan suka sauka a 1598, ganin ƙarshe da aka yarda da shi 1662. Shekara 64 kacal.

Malama Bazazzagiya: Ƙaramin gyara, Maman Sadik. Matuƙan ma kushe naman suka yi, sun ce tauri gare shi. Abin da ya fi yi masa illa aladu da ɓeraye da birai da jiragen suka sauke, su suka bi ƙwai suna sha, shi kuwa a ƙasa yake sheƙa.

Maman Sadik: To ashe har da ɓera a cikin masu laifi. Ban yi mamaki ba.

Sani Mai Shayi: Ni a ba ni tsuntsun Madagaska, wanda ake kira tsuntsun giwa. Jimina ƙanwarsa ce ta bayan baya, shi ya kai mita 3. Ba tsayinsa ne ya dame ni ba, ƙwan. Guda ɗaya yana ɗaukar ƙwan kaza wajen 150. Kiret biyar ke nan a ɓawo ɗaya. In fasa ɗaya da asuba in sallami layin masu Indomie har azahar. Kuma bai daɗe da ƙarewa ba, wajen shekara dubu, har yau ana tsintar ɓawon a kudancin tsibirin.

Autan Hajiya: Sani, da wace tanda za ka soya?

Sani Mai Shayi: Murfin tankin ruwa.

Hajiya Uwar Marayu: 'Ya'yana, ni labarin da ya taɓa min zuciya na 'yar giwar nan ce mai gashi ta Saberiya. A 2007 wani makiyayi ya tsince ta a bakin kogi, ƙanƙara ta adana ta shekara wajen dubu 42, fatarta da hancinta duk suna nan. Wata ɗaya ta yi a duniya, laka ta shaƙe ta. Da aka duba cikinta sai aka tarar da nonon uwarta. Aka sa mata suna Lyuba, sunan matar makiyayin. Ni da na ga hoton sai na ji kamar in lulluɓe ta da zane. Na karanta kuma cewa irin giwayen nan sun rage a wani tsibiri, Wrangel, har wajen shekara 4000 da suka wuce, wato an riga an gama gina manyan dalar Giza na Masar suna nan da rai.

Autan Hajiya: Hajiya, akwai kamfani a Amurka da ya ce zai dawo da su, ta hanyar gyara ƙwayar halittar giwar Asiya.

Na Garwa: Su dawo da su su ajiye a ina? Ku yi haƙuri, tun ɗazu ina karatu ban ce komai ba. Duk abin da kuka lissafa ba mu muka kashe su ba, ban da dodo da ƙila tsuntsun Sani. Ni tawa a zamaninmu ta ƙare, kuma a ƙasarmu. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka. Kakana maharbi ne, yana ba mu labarin yadda suke hawa bishiya in sun ji gurnaninta a dajin Binuwai. Arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe. A 2006 aka shiga daji aka yi ta nema, ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ta ƙare. Saboda ƙaho kawai, wanda abin da ke cikinsa shi ne abin da ke cikin farcenka. Ɗana yana jin kalmar karkanda ne a karin magana, ya ɗauka irin su dodo ce ta tatsuniya.

Ɗan Abzin: Haka mariri ya so ya yi mana. Farin nan mai ƙaho kamar takobi, da garke-garke yake yawo daga Nijar zuwa Chadi. Mota da bindiga da fari suka gama da shi, a 2000 aka ce babu shi a daji. Sa'ar da aka yi akwai su a gidajen dabbobi na waje. A 2016 aka fara kawo su daga Abu Dabi ana saki a Wadi Rime na Chadi, suka hayayyafa, a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Raƙuman dawan Kure ma kusa da Yamai sun taɓa komawa 49 a 1996, yanzu sun haura 600. Can arewa da Agadas, a Dabus, akwai raƙumin dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, ya fi mita 5, a wurin da yau ko akuya sai ta yi da gaske. A Gobero kuma, can cikin Tenere, an tono kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, tare da ƙashin dorina da giwan ruwa.

Injiniya Na Kaduna: Ka ga ke nan ajiyar waje ta yi rana, Ɗan Abzin. Ba don ita ba da babu mariri.

Ɗan Abzin: Ta yi rana don an dawo da shi. Ka riƙe wannan ɓangaren.

Alhaji Mai Goro: Wannan na karkanda shi ne na fi ganewa duk cikin zancenku. Ina yaro kura tana shigowa har bayan gari, da dare muna jin kukanta. Jikokina ba su taɓa ji ba. To su waɗancan manyan, su me ya kashe su? Ba maharba a lokacin.

Malama Bazazzagiya: Dutse ne ya faɗo daga sararin sama, Baba, faɗinsa wajen kilomita 10, ya sauka a gaɓar Yukatan ta Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce. Ramin yana nan a binne, faɗinsa wajen kilomita 180. Ƙura da hayaƙi suka rufe rana, tsirrai suka mutu, masu cin tsirrai suka bi, masu cin nama suka bi su. Kusan kashi uku cikin huɗu na nau'in halittu suka tafi, har da dangin na Goronyo. Kadoji da kunkuru da gaiwa suka tsallake. Kuma reshe ɗaya na dainoso ya tsira, masu gashin fuka-fukai, su ne tsuntsaye. Baban Khalifa, ga sauran rabin amsarka: ka kai shi akurki, ka ce ya kalli ƙafar zakara da kyau.

Baban Khalifa: Na dawo da rahoto. Na nuna masa kadan Agadas, ya ce a sayo masa na roba, na ce ba a yi ba. Na nuna masa mai haƙori 500, ya yi ta dariya ya ce ta yi kama da injin askin Malam. Da na gaya masa maganar zakara kuwa, ya je ya tsuguna a gaban akurki ya fi rabin awa, yanzu ya ce shi ba zai ƙara cin kaza ba sai an tabbatar masa ba ta cizo.

Sani Mai Shayi: A turo min rabonsa.

Alhaji Mai Goro: Basakkwace, in Allah ya kawo ka Kano ka taho min da dodon koɗin nan na dutse guda ɗaya. Ina so in riƙe a hannuna.

Basakkwace: An gama, Baba. Akwai biyu a kan tagata, sai dai ɗayan ya ɗan fashe a gefe. Bayan sallah ina tafe.